A Bar Shi Ya Zo Da Ƙafarsa

Yawancin karnukan da ake kira mafaɗata, matsorata ne. Na daɗe ina faɗar haka, kuma har yau in na faɗa sai a dube ni da mamaki. Da zarar kare ya yi gurnani, ya yage baki haƙora sun bayyana, gashin ƙeyarsa ya miƙe, shi ke nan an yanke masa hukunci: mugun kare. Amma a dubi sauran jikinsa. Wutsiya ta shige tsakanin cinyoyi, kunnuwa sun lafe, nauyinsa duk ya koma kan ƙafafun baya, idonsa na neman ta inda zai sulale. Karen da ke cikin wannan hali so yake a matsa masa, kuma da an ba shi hanya zai wuce. In aka toshe hanyar, a nan ake samun cizo.

Karena sunansa Duna, baƙi ne wuluk, sai ɗan fari a ƙirji. Ya zo hannuna ya riga ya girma, kuma a lokacin babu ɗan Adam ɗin da yake yarda ya matso kusa da shi. Ko takun mutum ya ji sai ya faɗa ƙarƙashin wani tsohon tebur, ya maƙure a jikin bango yana karkarwa, wani lokaci har fitsari ya kuɓuce masa. Duk wanda ya gan shi tambayarsa ɗaya ce: "Wa ya riƙa dukansa haka?" Babu wanda ya doke shi. Wanda ya ba ni shi mutumin kirki ne, bai taɓa barinsa da yunwa ba. Tun yana ɗan kwikwiyo dai aka ɗaure shi a bayan gida, ya tashi bai san kowa ba sai mai kawo masa abinci da ruwa.

Wannan kaɗai ya isa ya mai da kare haka. A shekarar 1961 wasu masu bincike uku a Amurka, Freedman da King da Elliot, sun wallafa sakamakon wani gwaji. Sun bar 'yan kwikwiyo da uwayensu a babban fili mai shinge inda ba sa cuɗanya da mutane, sai a ɗauko wasu suna da mako 2, wasu 3, wasu 5, 7 ko 9, a yi mako guda ana wasa da su, a mayar da su. Waɗanda aka ɗauko suna tsakanin mako 5 da 7 su suka fi sakin jiki da mutane. Waɗanda ba a taɓa su ba har suka kai mako 14 kuwa sun tashi suna gudun mutum, kuma sabo da shi ya zame musu abu mai wuya ƙwarai. Daga irin wannan aiki aka gane cewa tsakanin kusan mako 3 da mako 12 ne kwikwiyo ke koyon abin da ba abin tsoro ba ne a duniya. Abin da bai haɗu da shi a wannan ɗan taƙin ba, da idon zargi zai dube shi daga baya. Akwai kuma gado. A 2020 masu bincike a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland sun tattara bayanan karnuka 13,715 daga hannun masu su, suka samu kusan kashi 15 cikin 100 na tsoron baƙin mutane, kuma bambancin da suka gani tsakanin jinsi da jinsi ya nuna jini na da hannu a ciki. Na kawo wannan ne don masu irin waɗannan karnuka sukan ɓata lokaci suna tonon abin da ya faru a baya. Duka ne, kaɗaici ne ko gado, aikin da ke gabanka iri ɗaya ne.

Abu na farko da na yi wa Duna shi ne na ƙyale shi. Na bar masa ƙarƙashin teburin nan ya zama nasa, na shimfiɗa masa tsohon bargo, na kafa doka a gida: in ya shiga nan babu mai leƙa shi, babu mai zura hannu, balle a jawo shi. Karen da ya san yana da mafakar da ba a keta ta ya fi samun ƙarfin halin fitowa. Abinci a kan lokaci kullum, in ajiye in juya in tafi. Da yamma in jawo kujera in zauna nesa da shi, in ba shi gefen jikina, in yi ta karatuna. Ba na kiran sunansa, ba na kallonsa.

Dalilin wannan zama a karkace shi ne, duk abin da mu mutane muke yi don nuna ƙauna, a wurin kare mai tsoro barazana ce. Mu tunkaro shi gaba da gaba, mu ƙura masa ido, mu sunkuyo a kansa, mu miƙo hannu ta saman kansa. Ka lura da karnuka biyu masu ladabi in sun haɗu: ba sa zuwa a miƙe, zagayowa suke yi, kowa na kau da ido, su fara da shinshina ta gefe. Tunkara a miƙe da ƙura ido, a wajensu mafarin faɗa ne.

Wata yamma ina zaune sai na ji ɗan sanyi a diddigena. Hancinsa ne. Na hango shi ta wutsiyar ido: ya miƙo wuya iya tsawonsa, ƙafafun baya kuwa suna can a kafe, a shirye su fizge shi. Ya shinshina diddigen, ya shinshina bakin wandona, numfashinsa na fita da sauri-sauri. Raina ya so in miƙa hannu in shafa kansa, so ba kaɗan ba. Na danne. Na ci gaba da kallon shafin da ke gabana ko layi ɗaya ban iya karantawa ba. Ya gama, ya ja da baya, ya kakkaɓe jiki, ya koma mafakarsa. Washegari ya dawo, ya ƙara daɗewa.

A daidai wannan gaɓar ake cizon mutane da yawa. Kare in ya zo shinshinarka bayani yake tattarawa, bai ce ka taɓa shi ba. Ya tattara ɗan ƙarfin halin da yake da shi ya matso, sai ga hannu ya sauko masa a ka. Abin da zai koya daga nan shi ne matsowa kusa da mutum na jawo abin da yake tsoro, gobe kuwa ba zai matso ba, ko ya matso da haƙora.

Kuma kare ba ya cizo haka kawai. Kafin a kai can ya yi ta magana, ba a dai saurara ba. Wata likitar dabbobi a Birtaniya, Kendal Shepherd, ta tsara alamomin hawa-hawa: ya fara da hamma ba don barci ba, da lasar hanci, da ƙifta ido, ya kau da kai, ya juya jiki, ya tashi ya bar wurin, ya lafe kunnuwa yana raɓe-raɓe, ya ƙanƙance, wutsiya a matse, ya kwanta ya ɗaga ƙafa, ya sandare yana kallo, sai gurnani, sai kai wawura, sai cizo. Wannan kwanciya da ɗaga ƙafa ita ta fi ruɗar mutane, don ana ɗauka so yake a sosa masa ciki, alhali roƙo yake a rabu da shi. Shi Duna alamarsa ta farko rufe baki ce. Yana cikin haki, harshe a waje, da ya hango wani sai bakin ya rufe ruf, goshinsa ya tattare. Da na ga haka na san lokacin ja da baya ya yi.

Ma'aunin da na fi dogara da shi kuwa ci ne. Tsoro in ya kama dabba, jikinta na shirin gudu ko faɗa, zuciya ta yi sauri, sha'awar abinci ta ɗauke. To in na miƙa wa Duna ɗan dafaffen naman kaza ya karɓa a hankali ya tauna, na san tazarar da ke tsakaninsa da baƙon ta yi daidai. In ya fizga da ƙarfi har haƙoransa na taɓa yatsuna, mun kai bakin iyaka. In ya ƙi ci gaba ɗaya, mun wuce ta, kuma a wannan hali babu abin da zai koya sai ƙarin tsoro. Duk aikin a cikin tazarar nan yake: inda yake ganin mutum, ya san yana nan, amma hankalinsa bai tashi ba. Da farko tazararmu ta kai daga wannan ƙarshen titi zuwa wancan.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Tun aikin Ivan Pavlov na Rasha aka san cewa kare na haɗa abu biyu a ƙwaƙwalwarsa in ɗaya na zuwa kafin ɗaya a kai a kai. A 1924 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Mary Cover Jones, ta yi amfani da wannan wajen cire wa wani yaro ɗan kimanin shekara 3 tsoron zomo: yaron na cin abin da yake so, ana ajiye zomon a keji can nesa, kullum ana ɗan matso da shi, har ya kai yana taɓa shi da hannunsa. Abin da na yi da Duna ke nan. Wani abokina ya ɓullo daga nesa, Duna ya gan shi, sai nama ya fara zuba daga hannuna, ƙanana-ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. Abokin ya ɓace, naman ya tsaya cak. Jerin yana da muhimmanci ƙwarai: mutum ya fara bayyana, sannan nama. In aka juya, nama ya riga mutum, kare zai koyi cewa nama alama ce ta abin tsoro na tafe, har ya fara zargin abincin. Kuma naman ya zama wanda ba ya samu a kowane lokaci sai wannan, ba albasa ba kayan yaji, domin albasa na cutar da karnuka. Mintoci kaɗan sun isa a rana, a tashi tun bai gaji ba.

Ranar da na san abin ya fara kama shi, abokin ya ɓullo, Duna ya dube shi, sai ya waiwayo ya dube ni, kunnuwa a tsaye, wutsiya na ɗan kaɗawa. Tambaya yake: ina nawa? Mutumin da da yake nufin haɗari ya koma yana nufin nama na zuwa. Daga nan ne ake rage tazara, taku biyu uku, ba fiye ba.

Horar da kare ya fi horar da mutane sauƙi, wannan na tabbatar. Mutumin kirki shi ya fi wuyar sha'ani, don yana ganin kirkinsa zai isa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya kawo mana ziyara, na tare shi tun a bakin ƙofa.

"Kawu, don Allah in kun shigo kada ku kalle shi, kada ku yi masa magana. Ku wuce ku zauna kawai."

"Kai ɗan nan, ni za ka koya wa dabba? Tun ba a haife ka ba nake tare da su. Kawo shi in shafa kansa, yanzu zai saba."

"Na sani, Kawu, ku yi haƙuri. Shi wannan ba a saba masa da hannu ba ne. Ga wannan, in ya leƙo ku jefa masa can bayansa, kada ku jefa gabanku."

Ya karɓi kwanon yana girgiza kai, amma ya yi yadda na roƙa. Muna hira, Duna ya leƙo daga ƙarƙashin tebur. Kawu ya wurga ɗan nama ya wuce shi. Duna ya juya ya koma baya ya ci, sannan ya dawo inda yake, ya ma ɗara kaɗan. Aka sake jefawa baya, ya koma, ya dawo, ya ƙara matsowa. Kafin Kawu ya tashi tafiya, Duna na kwance a tsakiyar ɗaki, haɓarsa a kan ƙafafunsa na gaba, yana bin hannun Kawu da ido. Ba a taɓa shi ba ranar, kuma ban so a taɓa shi ba.

Jefawa baya tana ba kare abu biyu a lokaci guda, nama da tazara, sannan dawowar da yake yi zaɓinsa ce. In kuwa baƙo ya riƙe naman a tafin hannu yana lallashi, kwaɗayi zai jawo karen ya ƙetare iyakarsa, ya haɗiye naman, ya ɗago kai ya ga kansa daf da abin da yake tsoro, babu sauran abin da zai ɗauke masa hankali. Ba na barin baƙo ya ciyar da kare mai tsoro da hannu sai an yi nisa sosai.

Akwai shawarwari biyu da aka yi ta ba ni waɗanda ban yarda da su ba ko kaɗan. Ta farko, a ja shi cikin taron jama'a, a riƙe shi a yi ta shafa shi har ya saba. Karen da aka yi wa haka yakan yi tsit daga baya, a ce ai ya warke. Bai warke ba, ya dai fid da ran tsira ne, kuma tsoron na nan a ƙunshe yana jiran ranar fashewa. Ta biyu, in ya yi gurnani a tsawata masa ko a make shi. Gurnani gargaɗi ne, ni kuwa gode masa nake in ya yi, don ya faɗa mini abin ya yi masa yawa. Hukunta gurnani ba ya cire tsoro, gargaɗin kawai yake cirewa, sai a wayi gari da karen da ke cizo ba sallama. A 2009 likitocin dabbobi a Jami'ar Pennsylvania sun tambayi masu karnukan da aka kawo musu kan matsalar hali, suka samu kashi 43 cikin 100 na karnukan da aka doka ko aka shura sun mayar da martani da faɗa, waɗanda aka ƙura wa ido don a rinjaye su kuma kashi 30. Ana kuma cewa wai in ka lallashi kare yana jin tsoro ka ƙarfafa masa tsoron. Tsoro ba dabara ba ce da kare ke yi don a ba shi lada. In Duna ya firgita ya jingina da ƙafata, ina dafa kafaɗarsa, in yi masa magana ƙasa-ƙasa, in fitar da shi daga wurin.

Wani abin da ke karya gwiwar mutane shi ne ci gaban ba ya tafiya a miƙe. Duna ya saba da abokina, amma ranar da abokin ya zo da hular kwano a kansa sai ya zame masa wani sabon mutum. Mata ya fi saurin yarda da su, maza masu tsayi da kaurin murya sun ɗauki lokaci, mai riƙe da sanda ko laima kuwa sai da muka koma farko. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoro saurin yaɗuwa yake yi, amincewa kuwa sai an gina ta a kan kowane irin mutum daban. Kuma damuwa taruwa take. In an kwana ana tsawa, ko an yi baƙi jiya, washegari abin da ya jure shekaranjiya zai iya fin ƙarfinsa. A irin wannan rana ba na yin komai da shi, sai ɗan yawo a inda babu kowa, in bar shi ya yi ta shinshine-shinshinensa.

Kada a manta da likitan dabbobi. Karen da da lafiya lau yake da mutane, kwatsam ya fara gudun hannu, a fara zargin ciwo: kunne, haƙori, gaɓoɓi, ko ido da ya fara rauni. Wanda tsoronsa ya kai ba ya iya ci ko barci, akwai magungunan rage fargaba da likita ke rubutawa, wasu sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, kuma tare da horo ake haɗa su. Kada a ba kare maganin mutane da ka, wasu magungunan ciwon jiki da muke sha guba ne a gare shi. Rigakafin ciwon haukan kare kuwa ba abin wasa ba ne ga kowane kare, balle wanda zai iya cizo: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kuma kusan duka daga karnuka ake ɗauka. In tsautsayi ya sa an ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti nan take. Na kuma koya wa Duna sa takunkumi mai raga, irin wanda yake iya haki da shan ruwa a ciki. Na riƙa sa nama a cikinsa yana zura baki da kansa, har ya zama in ya ga na ɗauko shi murna yake. Da shi muke zuwa wurin likita, hankalin kowa a kwance.

Yanzu Duna na bin titi a gefena, mutane na wucewa bai damu ba. Baƙo in ya shigo, yakan yi haushi biyu, ya shinshina, ya je ya kwanta. Mutanen da yake kawo wa kansa a shafa ba su da yawa, Kawu na cikinsu, kuma a ƙirji ko gefen wuya yake so, ba a ka ba. In ana shafa shi nakan ce a ɗaga hannu bayan ɗan lokaci: in ya matso a ci gaba, in ya kau da kai a bar shi. Ban taɓa sa ran zai zama karen da ke tarar kowa da tsalle ba, kuma ba na nema masa haka. Abin da nake so shi ne ya ga mutum ya ci gaba da harkarsa.

Yara ne har yanzu suka fi ƙarfinsa. Gudunsu, ihunsu, yadda suke zuwa a guje hannu a miƙe, kuma fuskarsu daidai bakinsa take. Don haka in an zo da yara gidan, Duna na ɗaki a rufe da abin taunawarsa, ba na sassauta wannan ko wa ya roƙa. A kan yaran muke aiki yanzu. Muna tsayawa can nesa da wani fili da suke wasa, inda hayaniyarsu ke iso mu amma yana iya karɓar nama a hankali. A makon nan na matsa da taku kaɗan, ya ci. Na ƙara, ya rufe baki ya ƙi karɓa, sai muka koma inda ya ci.